'Ya'yan dara bakwai da suka ci mini mako uku

Allon diraf ɗin majalisarmu ya girme ni. Kawu ne ya sa aka yi shi tun yana saurayi: gida 100, goma tsaye goma kwance, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 20. A hankali yaran gida suka yi ta ɗauke 'ya'yan suna yin tayar mota da su, har bakwai suka salwanta, baƙaƙe huɗu, jajaye uku. Muka cike gurbin da murfin kwalbar lemo. Wasa dai ana yi, amma idan ɗa ya kai ƙarshen allo aka zo ɗora masa wani ya zama sarki, sai murfin ya zame. Ga shi Kawu ba ya ajiye ɗa sai ya buga shi da ƙarfi, murfi kuwa ba shi da amo.

Na ce ni zan gyara. Na saro reshen darbejiya mai kaurin ɗan darar, na sa zarto na yanka shi faifai-faifai, na goge da samfefa. Ranar sun yi kyau ƙwarai. Lokacin hunturu ne, kafin kwana huɗu, biyar daga ciki sun tsage tun daga tsakiya har baki, kamar an yanka kankana.

Kafintan layinmu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, ɗanyen ice ka yanka a gicciye. In zai bushe, kewayensa ya fi tsakiyarsa tsukewa, dole ya yage." Ya tono mini guntun katakon maɗaci busasshe daga tarkacen ƙofa, ya ce in kawo tsohon ɗa guda a gwada. Nan na ga wautata ta biyu: ashe da ido na yi awo, nawa sun ɗara na asali kauri. Ya kankare katakon har ya yi daidai da tsohon, ka dafa su da tafin hannu ba ka jin tudu. Da yake duk daga katako ɗaya za su fito, zancen kauri ya ƙare ke nan.

Zagayen ne ya ba ni wahala. Na ɗora tsohon ɗan na zana da fensir, na yanka murabba'i, na sare kusurwoyi huɗu suka zama takwas, sannan na bi da magagari da samfefa. Kowane ɗaya yakan ci kusan rabin awa, kuma sai da na lalata biyu kafin hannuna ya faɗa. Bakin ma sai an ɗan dakushe shi, in ba haka ba yana kartar allo.

Jajayen ba su buƙaci komai ba, maɗaci da ma ja ne, man kaɗe kawai na shafa. Baƙaƙen na fara yi wa fentin mai, na yi da-na-sani: ya ƙi bushewa sosai, in aka ɗora sarki sai su manne, ga ƙyalli kamar sabon takalmi a tsakiyar tsofaffi. Na kankare shi tas. Wani baduku a kasuwa ya ba ni dabarar da suke baƙanta fata: na jiƙa 'ya'yan da ruwan bagaruwa, suka sha iska, na shafa kuloko, wato ruwan da aka tsima ƙarfe a ciki. Ina kallo icen ya rine. Wannan baƙin cikin icen yake shiga, ba ya ɓarewa kamar fenti.

Da yamma bayan la'asar na zube su a allo ban ce komai ba. Kawu ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya auna shi a tafin hannu, ya buga shi a allo, ƙwas! Ya ce, "Wannan naka ne, ɗana, bai sha hannu ba tukuna. Zauna." Na zauna, ya cinye ni sau uku a jere, sarkinsa na ƙarshe ma da sabon ɗa ya naɗa shi. Sauran guntun maɗacin na yanka shida na ajiya, suna cikin gwangwanin madara a saman kwabet, inda hannun yara ba ya kaiwa.