Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Babbar Kyamara ko Ta Aljihu?

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a ƙofar shagon hoton da na koyi aiki a Aboabo, cikin Kumasi ta Ghana. Yau zan jingine labarin, domin tambaya ɗaya ta dame ni daga 'ya'yanmu na Asawase da Alabar da Sabon Zango: "Kawu, na tara 'yan sidina, DSLR ta masu fara koyo zan saya ko ƙaramar kyamara ta aljihu?" Ɗana, zauna ka ji, DSLR ita ce babbar kyamarar nan mai madubi a ciki da ake canza wa lensi. Wanda bai san kayan aiki ba ma, abin da ke tafe a labarin zai shige masa duhu.

Mai shago a Adum zai fara maka da megafiksel: wannan 20, waccan 24. Ka bar shi ya gama, amma kada ka ɗora cinikinka a kai. Hoton inci 4 da 6 da ake wankewa a raba wa baƙi, megafiksel biyu da ɗoriya ya ishe shi. Na inci 8 da 10 da ake sa wa firam a rataye a falo, bakwai da 'yan kai. Abin da ya raba kyamarorin nan shi ne faɗin sensa, wato farantin da haske ke sauka a kai a cikin cikin kyamara. Na ƙaramar kyamara mai araha bai wuce milimita 6.2 da 4.6 ba, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na Nikon D3500 milimita 23.5 ne da 15.6, na Canon 2000D kuma 22.3 da 14.9. In ka lissafa fili, na DSLR ya ninka na ƙaramar sau goma sha biyu zuwa sha uku. Kamar a ajiye kofi da baho a tsakar gida ana ruwan sama ne, kowa ya san wanda zai fi tara ruwa.

Da rana tsaka ba za ka ga bambancin nan sosai ba. Wurin da yake fitowa shi ne inda aikinmu yake a zango. Ana raɗin suna bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, malamai na zaune a zaure mai ƙwan lantarki ɗaya. Ko ɗakin amarya da taga ɗaya, ita ma an saki labule. A nan dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 1600 ko 3200. DSLR za ta ba ka fuska mai tsabta da ɗan yashi-yashi kaɗan. Ƙaramar mai araha tun daga 800 fata take komawa kamar an shafa mata kakin zuma, zanen lalle ya narke, aikin surfanin hula ya dagule. Gaskiyar da masu shago ba sa so a faɗa ita ce, wayar da ke aljihunka ta riga ta cinye kasuwar irin wannan kyamarar. Abin da kawai ta fi waya da shi shi ne zum na gilashi, mai jawo abu daga nesa ba tare da hoton ya fashe ba.

Sai dai akwai ƙananan da ba na wasa ba ne, masu sensan da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8. Sony ce ta buɗe wannan ƙofa da RX100 a 2012, Canon ta biyo da G7 X. Lensin G7 X Mark II yana buɗewa daga f/1.8 zuwa f/2.8 (lambar f ma'aunin buɗewar lensi ce, ƙarama ta fi shan haske), ya fi lensin 18-55 da ake haɗo DSLR da shi shan haske, domin shi wancan f/3.5 zuwa f/5.6 ne. Saboda haka in ka bar DSLR da lensin da ta zo da shi, ratar da ke tsakaninsu a ɗaki mai duhu ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Matsalarsu tsada. Tun da 'yan TikTok da Instagram suka yi musu ca, tsohuwar G7 X takan kai kuɗin DSLR ta hannu har da lensinta, wani lokaci ta wuce.

To ashe zaɓin na gaskiya tsakanin biyu ne: DSLR, ko ƙarama mai inci ɗaya. Kuma tambayar da za ta raba gardama ita ce, da kyamarar nan za ka ci abinci, ko don kanka kake so?

In don kanka ne, tafiye-tafiye, hoton yara, hoton atamfa da takalman da kake sayarwa a Kejetia don ɗorawa a WhatsApp, ɗauki ƙaramar. Nauyinta bai wuce giram 300 da 'yan kai ba, tana shiga aljihun kaftani, ba wanda zai ɗago kai ya dube ka a cikin tirotiro. DSLR da lensinta ta haura rabin kilo, ga jaka, ga idon jama'a. Da yawa sun saya da zumuɗi, bayan wata uku ta koma ƙasan akwati tana tara funfuna.

In kuwa sana'a ce, biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani, maulidi, gangarar sallah, babu wata shawara sai DSLR, kuma dalilan a aikace suke.

Na farko lensi. Ka ƙara kuɗi kaɗan ka sayi mai f/1.8 wanda ba ya zum. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma, kuma shi ke narkar da bayan mutum, tarin kujerun roba da bokitai su ɓace, fuska ta fito ita kaɗai. Amma a kula da ɗakunanmu. Lensin milimita 50 a kan Canon irin wannan yana gani kamar 80, a kan Nikon kamar 75, wato yana matse filin da ke shiga hoto. A ɗakin haya na gidan yawa za ka ja da baya har bayanka ya bugi bango, ba ka samu amarya da ƙawayenta uku a hoto ɗaya ba. Mai Nikon ya nemi AF-S 35 f/1.8G. Mai Canon ya haɗa 50 f/1.8 STM don waje, da EF-S 24 f/2.8 don ɗaki. Ga tarkon da ke kama sabbin shiga a Nikon: jerin D3000 zuwa D3500 ba su da injin juya fokas a jikinsu. In aka sayar maka da tsohon 50 f/1.8 mai harafin D saboda araha, zai hau, zai ɗauka, amma da hannu za ka riƙa saita shi. Sai mai AF-S ko AF-P, shi ma AF-P ba ya aiki da D3200 da waɗanda suka girme ta.

Na biyu filasha ta ɗorawa. RX100 ta farko da G7 X ba su da mazaunin filasha a ka, sai 'yar ƙaramar da ke jikinsu, wadda ke dukan fuska kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, inuwa ta tsaya a bango. Da DSLR kana juya kan filasha sama, hasken ya bugi farin silin ya sauko a hankali. In silin filawud ne mai ruwan ƙasa, hoton zai ɗauko launinsa. In kwano ne tsirara ko sama ce buɗe, dabarar ba ta ci, sai ka ɗaura farin kati a bayan kan filashar da roba. Kada saurin shota ya wuce 1/200 na daƙiƙa da filasha, in ba haka ba za ka ga baƙin layi ya yanke gefen hoton. Mai sayen Canon 2000D ko 4000D ya leƙa mazaunin filashar da kyau: wasunsu sun fito babu babban ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, filasha mai araha ta wani kamfani ba za ta tashi a kansu ba.

Na uku batir. A gwajin masana'anta D3500 tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, 2000D wajen 500, G7 X Mark II kuwa 265. Bikin da aka fara da safe aka tashi bayan isha'i yakan ci hoto ɗari takwas. Amma ƙaramar tana da nata alherin ranar dumso, wato ɗauke wuta: ana cajinta da wayar USB daga fawabank, su kuwa waɗannan DSLR sai an cire batir an sa a caja a bango. Ko wacce ka saya, batir biyu ne mafi ƙaranci.

Akwai wani abu da ke ba kowace kyamara wahala a wurinmu, wato baƙar fata cikin farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka duk abin da ya gani matsakaici ne. In ango ya cika hoton da farar babbar riga, sai ta rage haske, riga ta koma ruwan toka, fuska ta nutse. Maganinsa maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi: ƙara +0.7 ko +1, ka duba kada aikin wuyan rigar ya ƙone. Ko ka bar rigar yadda take, ka ɗan watsa filasha mai rauni ta cike fuskar, ko da rana ce. Ƙarƙashin kanofi ja ko shuɗi kuma kowa zai fito da launin tamfol. A nan ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ke ceton mutum, domin ana gyara launin a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba. RAW na megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, katin gigabait 32 zai ɗauki kimanin dubu. Wajen saurin shota, mutum a zaune 1/125 ya isa, masu rawa da dawakin gangara kada ka sauko ƙasa da 1/500.

Yawancinku ta hannu za ku saya, kuma babu laifi. Kamfanonin sun karkata ga kyamarori marasa madubi, shi ya sa tsofaffin DSLR suka yawaita. Lensinsu ma ba asara ba ne, ana ɗora su a sababbin da adafta. Sai dai ka je da katin memorinka da tocila, ka nemi minti ashirin. Cire lensi, buɗe murfinsa biyu, haska ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, ajiye musu kayansu. Mayar da lensin, rufe shi zuwa f/22, ɗauki sararin sama ko farin bango, ka faɗaɗa hoton. Ɗige-ɗige ƙura ce, tana gogewa. Dogon layin da ya ƙi gogewa ƙarzuwa ce, sai an kai ta gyara. Sannan yawan bugun shota: irin waɗannan an ƙera su ne su kai wajen bugu 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon sai an jona ta da kwamfuta. Wadda ta yi 20,000 yarinya ce, wadda ta haura 80,000 a rage maka kuɗi sosai. Juya batirin a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. A ƙarshe ka karɓi rasit mai lambar jikin kyamarar kafin ka tura MoMo, kada wata rana mai ita ya gan ta a wuyanka a wurin biki.

Ita ƙaramar ta hannu gwajinta ɗaya ne babba: kunna, kashe, sau goma, kana sauraro. Lensinta fita yake yana komawa a kan ƙananan haƙoran roba. In ka ji ƙarar yashi ko ya ɗan tsaya a hanya, kwanansa ya kusa ƙarewa, kuma gyaransa yakan kusa kuɗin wata. Ƙurar da ta shige ta kuma ba ka da hanyar kai mata hannu sai an warware kyamarar gaba ɗaya.

Mai son bidiyo ya lura, 600D da 700D da D3300 suna da ramin makirfo, 2000D da D3400 da D3500 ba su da shi. Sabuwa ba kullum ta fi tsohuwa ba.

Saura ajiya, wadda a Kumasi ita ke kashe kyamara fiye da faɗuwa. Damina biyu muke yi, iska a jiƙe kusan duk shekara, funfuna kuwa abin da take so kenan: laima, duhu, da rashin motsin iska. Jakar kyamara ta tafiya ce, ba wurin kwana ba. Sayi robar abinci mai murfin da ke kamawa gam, zuba ƙullin silika, jefa ɗan ma'aunin laima a ciki, ka riƙe shi tsakanin kashi 40 da 50. Silika mai canza launi ta fi, in ta sha ruwa a gasa ta a wuta marar ƙarfi ta dawo. Shinkafa ba ta wannan aikin, sai ƙura da ƙwari. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ke kawo tasa rigimar. Kada ka canza lensi a fili. In dole ne, kashe kyamarar, juya bakinta ƙasa, ka yi sauri. Famfon roba na hura iska shi ne farko, ƙyalle daga baya, domin ƙurar hunturu in ka goga ta a bushe gilashin take ci. Kada ka hura da baki. In ka fito daga mota mai sanyi gilashi ya yi gumi, bar ta cikin jaka minti goma sha biyar kafin ka buɗe.

Wajen kasafi, kada kuɗin ya ƙare a jikin kyamarar. In sidinka kashi goma ne, biyar ko shida ga kyamara da lensin da ta zo da shi, biyu ga lensi mai f/1.8, sauran ga filasha da batir na biyu da kati biyu da robar ajiya. Katin kuma ka cika shi taf da hotuna a gida, ka buɗe su a kwamfuta kafin ka kai shi aikin mutane, domin na jabu yakan rubuta 64 a goshi alhali takwas ne a ciki, sai bayan an watse ka tarar rabin hotunan ba sa buɗewa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma shagon Aboabo daga inda muka tsaya.