Yini guda a Santambul da jikka 10

Shekara 9 ke nan Alhaji, maƙwabcin shagona a Babbar Kasuwar Yamai, yana zuwa Santambul sarin tufafi, amma a daren da muka gama ɗaure kayanmu ya gaya mana cewa bai san ko'ina a birnin ba sai shagunan Laleli da hanyar filin jirgi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin haka yawancin ƴan kasuwarmu suke: a sauka, a sara, a juya. Saura mana kwana ɗaya kuma kuɗi ya tafi ga kaya, saboda haka mu huɗu muka yi shawara kowa ya zuba jikka 10 ta sefa, kimanin Yuro 15, aka canza zuwa lira, aka damƙa wa ƙaraminmu, wani ɗan Tawa mai riƙon amana, bisa sharaɗin cewa babu mai sa hannu a aljihun kansa har dare.

Mun karya kumallo a tsaye da simit, wani burodi mai kama da gammo wanda aka lulluɓe da riɗi, da jan shayinsu da ake zubawa a ƙaramin kofin gilashi ba tare da kumfa ba. Daga nan muka sa kuɗi a katin Istanbulkart, wanda ake biyan kuɗin sufuri da shi, muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa unguwar Sultanahmet. Masallacin Sarki Ahmad mai hasumiya 6, wanda aka fara ginawa a 1609, kyauta ake shigarsa, kuma yana fuskantar Aya Sofiya, wadda aka kammala a 537 a matsayin majami'a, ta zama masallaci a 1453, ta yi zamanin gidan tarihi, sannan aka mayar da ita masallaci a 2020. Fadar Topkapi kuwa daga ƙofa muka juya, don kuɗin shigarta ya fi ƙarfin asusunmu. Haka kuma muka ƙi tayin wani mai gidan abinci da ya tare mu da takardar da ba a rubuta farashi a kanta ba.

Inda zuciyata ta zauna shi ne masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Da ƙafa muka hau tudun, muka yi azahar a ciki, kuma ban taɓa jin muryar liman ta cika wuri mai faɗi haka cikin natsuwa ba. Bayan sallama muka ziyarci kabarin sarkin a lambun da ke bayan alƙibla, sannan muka tsaya a bakin katanga muna kallon ruwa da jirage a ƙarƙashinmu. Alhaji ya daɗe bai ce uffan ba, daga bisani ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam, ashe duk shekarun nan wannan wuri yana bayan masaukina, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba.”

A gaban masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka shahara da dafa farin wake. An kawo mana shi a cikin jar miya mai man shanu, waken ya nuna luguf amma bai farfashe ba, ga shinkafa a gefe, ga barkono guda a kai, ga burodi cike da kwando. Shinkafa da wake ne dai irin wanda muka tashi da shi, sai dai an ba shi lokaci a kan wuta, kuma mun ƙoshi ba tare da asusun ya girgiza ba.

Bayan la'asar muka gangara Eminonu, muka wuce masu kamun kifi da suka jeru da ƙugiyoyinsu a kan gadar Galata, muka shiga jirgin ruwa zuwa Uskudar da katin nan namu. Cikin ƴan mintoci muka bar Turai muka taka Asiya. Ni na saba da kogin Kwara a gadar Kennedy, amma ɗan Tawa, wanda ya girma yana jan guga a rijiyoyin Adar masu zurfi, ya riƙe ƙarfen jirgin yana ta tasbihi, yana gutsura ragowar simit yana jefa wa fararen tsuntsayen da ke cafewa a iska.

Mun yi magariba a can, muka dawo Eminonu muka ci gasasshen kifi da albasa a cikin burodi a bakin ruwa. Da ma'ajinmu ya zazzage aljihun a kan tebur, canjin da ya rage ya isa shayi kofi huɗu. Alhaji ya ce masa, “Ɗana, ajiye mini katin nan, watan gobe da uwargida zan dawo.”