Abin da idon jariri ya koya mini

Shekarata ta biyu ke nan da fara aikin ungozoma lokacin da muka sallami wata yarinya mai haihuwar fari, washegarin haihuwarta. Yaron ya faɗo da kukansa, yana kama nono, babu abin da ya tayar mana da hankali. Na zayyana mata bayanan da muka saba yi, tana ta sunkuyar da kai saboda surukarta na tsaye a gefe. Kwana biyar bayan nan suka dawo da shi cikin dare. Jikinsa ya yi ɗorawa har tafin ƙafa, ya ƙi nono, yana banƙarewa ta baya, kukansa siriri mai tsini wanda har yau nake jinsa a kunnena. Aka yi masa canjin jini, ya rayu. Da ya shekara uku na sake ganinsa goye a bayan uwarsa: wuyansa bai tsaya ba, kuma ba ya ji.

Ciwon shawara ne ya yi masa haka. Yawancin jarirai kan yi 'yar ɗorawa a kwana na biyu ko na uku ta wuce da kanta, shi ya sa ake raina ta. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe, sukan saki wani sinadari mai suna bilirubin, hantar jariri kuwa ba ta yi ƙwarin tace shi da sauri ba. In ya taru ya wuce kima sai ya haye ƙwaƙwalwa, ya ɓata wuraren da ke kula da motsi da ji, kuma abin da ya ɓaci a can ba ya gyaruwa. A yankinmu akwai yara da yawa, musamman maza, masu ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kafur ɗin da ake zubawa cikin akwatin kayan jariri ko lalle a fatarsu ke iya fasa musu jini. Da na tambayi kakar, ta ce, "Wallahi 'yata, tun yana ciki na adana masa kayansa da kafur, don kada asu ya ci." Tsabar ƙauna ce ta sa ta yi haka, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Nan na gane kuskurena. Uwar na yi wa bayani, alhali a gidajenmu mai jegon fari ba ta da ta cewa. Kaka ce ke wanka, ke gashin cibi, ita ke cewa a je asibiti ko a bari a gwada shanya shi a hantsi da ruwan gulukos. Yanzu ba na sallamar kowa sai na kira babbar da ta zo da ita. Nakan ce, "Hajiya, zo ki tayani dubawa," mu fita da jaririn haske, in danna goshinsa da yatsa in ɗaga, in buɗe mata farin idonsa da dasashinsa. Nakan gaya mata ɗorawar da ta fito a ranar farko ba ta jiran wayewar gari, kuma fitilar nan mai shuɗin haske da muke kwantar da su a ƙarƙashinta tana magance abin in an zo da wuri.

Sauran hanyoyin da ƙwaƙwalwar jariri ke raunana ma na gan su da idona. Tun a ciki, hawan jinin da ba a gano ba yakan kai ga jijjiga, zazzaɓin cizon sauro yakan sa a haifi bakwaini, uwa mai rukunin jinin da ake kira Rhesus nagatif kuma tana buƙatar allura ta musamman cikin awa 72 da haihuwa don kada jininta ya cutar da jaririn da za ta haifa a gaba. A wajen haihuwa, doguwar naƙuda ce babbar matsala, mace ta kwana biyu a ɗaki ana jira mai gida ya dawo ya ba da izini, ko a kira mai kemis ya yi mata allurar naƙuda, mahaifa ta matse yaro har iska ta daina isa gare shi. Wanda ya faɗo bai yi kuka ba, a minti ɗaya na farko ake so a tsane shi, a shafa bayansa, a fara hura masa iska da jakar numfashi. Bayan haihuwa kuma ga sanƙarau da ciwon da ke shiga ta cibi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake kiran irin yaran nan 'yan ruwa, ana zargin uwa ta fita da magariba aljanu suka musanya mata. Uwar yaron can ta sha wannan gori a gidan miji. Ranar da na zaunar da mijinta na yi masa bayanin shawara, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni wace rana ake kawo yara gashin ƙashi. Matar tana ɗauke da ciki na biyu a lokacin, kuma tun kafin watanta ya tsaya kakar ta kwashe kafur ɗin daga akwati ta zubar.