Godiya bayan dawowata daga Alkahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, na dawo Kano lafiya, kuma da ƙafata na shiga gidana, sanda ɗaya kawai a hannu. Shekara 3 gwiwar dama ta hana ni sakat, sallah ma sai a kan kujera. An yi aiki a Misira, Allah Ya ba da sa'a.

'Ya'yana, da ku zan fara. Kun biya kuɗin asibiti, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe kun haɗa baki, ku da matanku da mazajenku, cewa ba zan hau jirgi da warin magani a jikina ba. Da likita ya gama da ni sai autata ta ce, "Umma, tashi mu je ki huta." Mota ta haye gada da mu zuwa Zamalik, tsibirin da ke tsakiyar Kogin Nilu, ta sauke mu a otel ɗin Marriott. Kwana 4 muka yi.

Tsakiyar ginin tsohuwar fada ce, wadda mai mulkin Misira na wancan zamani, Isma'il Basha, ya gina domin manyan baƙin bikin buɗe mashigin Suwez a 1869. Na yi shekaru ina koya wa yara sunan wannan mashigi a aji, sai ga ni zaune cikin fadar baƙinsa ina kallon zanen rufi. Amma abin da ya fi shiga raina shi ne asuba ta farko. Na ja labule, ga kogi shimfiɗe, kiran sallah na tashi daga masallatai ta kowane ɓangare, babu mai shigowa auna jini, babu mai tambayar inda ke ciwo. Na daɗe tsaye ina hawaye.

Ina gode wa baiwar Allah da ta yi mini tausa a sashen mata. Ta tambayi abin da likita ya hana, ta sa matashi ƙarƙashin ƙafar, ta bi kafaɗu da bayan da kwanciya ta sandarar, a hankali kamar mai riƙon jariri. "Mama" take ce mini. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba.

Haka masu abinci. Makonni bakina ba ɗanɗano, sai da aka kawo mulukiyya. Ina kai cokali na ce wannan ai lalo ce! Aka haɗo da tantabara da aka cusa wa shinkafa, da gurasa mai zafi, da karkade, wanda zoɓonmu ne sak. Daren nan na cinye kwanona, autata tana ɗauka a waya tana tura wa yayyenta.

Alhaji, kai ka riƙe gida, ka riƙe ni da addu'a, kullum sai ka kira bayan Isha'i. Allah Ya ƙara girma. Ɗalibanmu na Azhar da suka yi ta fassara tsakanina da likitoci, ko kuɗin mota suka ƙi karɓa, Allah Ya sa albarka a karatunku. Maƙwabta, abokan aikin koyarwa da matan Islamiyyarmu, saƙonninku duk sun iso ni.

'Ya'yana, Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku fiye da haka. Masu son zuwa dubiya, ina gida kullum bayan La'asar, ban da Litinin da Alhamis da nake zuwa gashin ƙafa.