Me ya sa tafin 'yan baya ke makara?

Da zarar jama'a sun fara tafi suna bin kiɗa, sai ka ji na baya suna jan ƙafa. Ba laifinsu ba ne. Sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, don haka wanda ke mita 70 daga lasifika a makare yake jin ganga, tafinsa kuma ya ƙara makara kafin ya iso dandamali. Makaɗin da ya biye musu, kiɗansa zai yi sanyi. Don haka makaɗi ya saurari mai ganga kawai.

A wasan kwaikwayo kuwa, in aka fashe da dariya, ɗan wasa ya dakata har ta fara lafawa. In ya yi gaggawa maganarsa ta nutse, 'yan kallo kuma su koma danne dariya don kada zance ya wuce su.