Laraba, ranar gardamar tara

Yau tun da hantsi ofis ya ɗauki zafi. Wani abokin aikinmu, dattijo da muke girmamawa, ya shigo a makare ransa a ɓace, ya ajiye takardar tara a kan tebur. Jami'an hanya ne suka tare shi a shataletale, waya a kunne, hannu ɗaya a sitiyari. Ya ce ko minti ɗaya bai yi yana magana ba, bai buge kowa ba, amma an rubuta masa tara kamar wanda ya yi wata aika-aika. Nan fa aka yi ta ba shi haƙuri, wasu na cewa ai neman kuɗi ne kawai ya fito da jami'an.

Ni kam na kasa bin sahu. Na ce, "Yallaɓai, ku gafarce ni, amma a wannan suna da gaskiya." Na ja takarda na yi masa lissafi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Kafin mutum ya laluba aljihu, ya ga mai kiran, ya danna, daƙiƙa biyu sun tafi, motar ta yi mita 28 ba mai kallon gabanta. A cikin wannan tazarar yaro zai iya fitowa daga bayan motar da ke fake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar haɗari kusan sau huɗu, kuma ko an sa abin kunne bambancin ba shi da yawa, domin hankali ne yake barin titi.

Ya yi shiru, sannan ya faɗi maganar da ta tsaya mini a rai har yanzu. Ya ce ya yarda da dokar, abin da ke ƙona masa rai shi ne kuɗin da aka yanka masa zai girgiza albashinsa, alhali mai hannu da shuni zai biya irinsa ko a jikinsa, gobe ya sake. Wani ma ba zai kai ga takarda ba, zai miƙa abin da ya miƙa a ɓoye ya wuce. A nan ban yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Tarar da ke gasa talaka ta bar mai kuɗi yana murmushi ba ta gyara titi. Jami'in da ya karɓi na goro kuwa ya sayar da ran wanda direban nan zai haɗu da shi a gaba.

Na ba su labarin Finlan, inda ake auna tarar gudun wuce kima da abin da mutum yake samu. A 2001 wani babban jami'in kamfanin Nokia ya yi gudun kilomita 75 a kan babur a inda aka ƙayyade 50, aka yanka masa Yuro 116,000. Wani matashi a cikinmu ya ce ai wannan zalunci ne, kan ƙarin kilomita 25 kacal? Na ce masa tazarar da birki ke buƙata ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi. Daga 50 zuwa 75 ta haura ninki biyu. Inda mai 50 ya tsaya cak, mai 75 yana nan yana sheƙa gudu. Mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya duk shekara a duniya, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, saboda 'ya'yanmu da ƙannenmu ake nufi.

Da yamma na shiga motar haya. A kujerar gaba wata mata ce da jariri a cinya. Direban kuma na lura da shi: da ya hango jami'ai sai ya jawo bel ya ɗora a ƙirji ba tare da ya maƙala ba, muna wucewa ya sake shi. Wannan ya fi komai ɓata mini rai yau, domin shi a ganinsa bel kariya ce daga tara. Tun 1959 injiniya Nils Bohlin ya ƙera wa Volvo wannan bel mai riƙe ƙugu da kafaɗa, kamfanin ya bar kowa ya yi amfani da fasahar kyauta, kuma yana rage haɗarin mutuwa har zuwa rabi. Jaririn da ke cinya kuwa, in aka taka birki da ƙarfi a guje, babu hannun uwar da zai iya riƙe shi.

Na yi ta juya maganar a raina, kada a ce na cika shisshigi. Can dai na ce, "Malam direba, don Allah ka maƙala bel ɗin nan sosai." Ya kalle ni ta madubi bai ce uffan ba, amma ya maƙala. Da muka tsaya sauke wani fasinja na ce wa matar, "Baiwar Allah, ki dawo baya da yaron, ni in koma gaba." Ta ɗan yi jim, ta ce ai sun kusa sauka. Na ce ko da haka ne. Ta fito, na riƙe mata ƙofa, muka yi musanyar kujera.