Giris a kan batir

Farin garin nan da ke taruwa a kan batirin mota, wani lokaci shuɗi-shuɗi, tururin asid ne ke cin dalma da tagulla. Shi ke sa ka murɗa makulli mota ta yi ƙas-ƙas ta ƙi tashi, alhali batirin lafiyarsa ƙalau.

Ni dai wayar nagatif, wato ta gefen alamar (-), nake fara kwancewa. In wanke da bekin soda da ruwa, in goge da buroshin ƙarfe har dalmar ta yi ƙyalli. Sai na ɗaure tamau, nagatif a ƙarshe, sannan in shafa giris ko basilin a sama don ya tare iska da danshi. Ba na lafta shi kafin ɗauri, ƙarfe da ƙarfe nake so su haɗu. Garin kuwa, kada ya shiga ido, yana ƙuna.